Baƙi Biyu a Gidan Zakari Mai Gilashi

Tun Zakari yana yaro bai iya zama kusa da abin da aka rufe ba. Tukunya ce, akwati ne, ko mutum ne ya yi shiru, sai ya san abin da ke ciki hankalinsa yake kwanciya. Shi ne ya kwance rediyon mahaifinsa da wuƙar yanka albasa don ya ga inda masu labarai suke zama. Shi ne kuma ya buɗe huhun goron wani baƙo da ya sauka a gidansu, ya bar shi a buɗe iska ta buge goron har ya yanƙwane. Ya sha duka ranar nan kamar jakin kai. Da ya gama kuka ya share majina, tambayar da ya fara yi ita ce me ya sa ake naɗe goro da ganye ba da takarda ba.

Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, daga cikin tsofaffin gidajen Hausawan Parakou da kakanninsu suka zo fatauci suka zauna. Atamfa yake sayarwa a babbar kasuwa, kuma ya so Zakari ya gaje shi. To, sai dai mai saye zai zo ya yi ta sallama a shago, yaro yana can tsallaken hanya baki buɗe, yana kallon wani mai yankan gilashi. Mutumin ya ja layi da ɗan ƙarfensa, ƙiii, ya ɗan ƙwanƙwasa, gilashi ya rabu biyu sumul. Da uban ya gaji sai ya kama hannunsa ya tsallaka da shi, ya ce wa mai gilashin, "Ga shi nan, riƙe. Idonsa ya riga shi zuwa wurinka tuntuni."

A nan Zakari ya samu abin da Allah ya halicce shi dominsa, wato yin bangon da ake ganin abin da ke bayansa. Yau furfura ta fara masa a gemu, rabin tagogin unguwannin Kpébié da Titirou aikin hannunsa ne, kuma har yanzu idan ya je sa taga a gidan mutane sai ya tambayi me ke cikin wancan ɗakin. Ba gulma ba ce, don ba ya kai wa kowa. Kawai dai abin ne yake cinsa.

Da ya gina nasa gidan a Kpébié, sai ya zuba duk sha'awarsa a ciki. Taga daga ƙugu har kusa da rufi. Ƙofar falo gilashi, ƙofar kicin gilashi, kabad ɗin kwanuka gilashi. Ƙofar ɗakin baƙi kuwa ita ce abin alfaharinsa, gilashi mai kauri guda ɗaya daga sama har ƙasa, ya zana furanni a gefe-gefe, an rataya ɗan labulen leshi a bayanta wanda ko sauro bai isa ya ɓuya a ciki ba. Matarsa Lubabatu ta yi mita da farko. Ta ce a gidan nan mace ba ta isa ta aika a ce ba ta nan ba, don mai sallama yana ganinta tana tsince wake. Daga baya ta saba, har ta daina ganin gilashin ma.

Daga gutsattsarin da ke saura a shago ne ya haɗa akwatin kifinsa. Na farko ya tsage ana cikin cin abincin rana, ruwa ya malale falo, Lubabatu ta kwashe kifaye da ludayi tana faɗin abin da ba za a maimaita ba. Na biyu ya zauna daram. Ya zuba masa yashi da tsakuwa, ya dasa ciyawar ruwa, ya sa ɗan injin da ke hura iska. Kifayen daga Cotonou ya sa aka kawo masa, jajaye masu tumbi da wasu 'yan firit masu wutsiya kamar mafici. Abincinsu wani gari ne fale-fale da ake barbaɗawa a saman ruwa, su taso su yi ta wawa. Zakari yakan ja kujera bayan la'asar ya zauna gabansu, ya san wanda ya fi haɗama, ya san matsoraci, ya san mai cin zali. Abokansa na masallaci suna masa ba'a, wai mutum ya ajiye kifi yana ciyar da shi, maimakon kifi ya ciyar da shi.

Ana nan sai surukinsa ya zo.

Malam Mahamadu, mahaifin Lubabatu, mutumin Djougou ne, jikan masu masaukin fataken goro. Gidansu yana tsakiyar gari, tsohon gini mai zaure cikin zaure da ɗakunan baƙi jere, masu duhu da sanyi, inda a da ayari yakan sauke kaya. Yanzu babu ayari, ɗakunan sun zama na ajiyar buhunan 'yan kasuwa. Bara Allah ya yi wa matarsa Inna Habiba rasuwa, tsohon ya rage shi kaɗai a cikin wannan ƙaton gida. Wata rana maƙwabta suka tsince shi a zaure ya faɗi. Likita a Parakou ya duba shi ya ba da magani, ya ce kada a sha shi sai an ci abinci, kada kuma a bar mutumin nan ya zauna shi kaɗai. Ya ƙara da cewa a sa ido sosai a kan cin abincinsa. Da ya san wa yake faɗa wa, da ya zaɓi wata kalmar.

Da ƙyar tsohon ya yarda ya zo ya zauna. Namiji ya tare a gidan mijin 'yarsa ba ƙaramin abu ba ne, kuma kowa ya san haka. Ya koma Djougou ya haɗo kayansa, ya sauko daga mota da jaka ɗaya, da ƙullin goro, da wani bokitin fenti da aka ɗaure bakinsa da tsohon zane mai shuɗi.

"Malam Zakari, ga tsarabarka," in ji shi. "An ce mini kana kiwon kifi. Na ga hotonsu a wayar yarinyar nan, na ce waɗannan ai kayan ado ne. Ga kifi na gaskiya."

Zakari ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, kuma kafin ya gama godiyar ya riga ya kwance zanen. A ƙasan bokitin ga wani ɗan kifi bai fi tsawon tafin hannu ba, ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigo, da gashin baki zarara, da ƙaya a gadon baya. Kurungu ne. Wani masunci ne ya kamo shi a rafin bayan Djougou, tsohon ya karɓe shi kafin ya shiga tukunyar wani. Da Zakari ya sa hannu zai ɗauke shi sai ya yi wani gurnani, ƙurr, ƙurr, kamar tsohuwar ƙofa. Murna ta kama Zakari har ya manta a gaban suruki yake.

"Baba, magana yake yi! Da me yake yin ta?"

"Ban tambaye shi ba," in ji Malam Mahamadu.

Aka saki kurungu a akwatin gilashi. Ya nutse kai tsaye, ya shinshina yashi da gashin bakinsa, ya samu wani fasasshen kasko da Zakari ya kifa don ado, ya shige ƙarƙashi. Shi ke nan. Wutsiyarsa kaɗai ake gani. Shi ma tsohon aka kai shi ɗakin baƙi mai ƙofar furanni, aka shimfiɗa masa sabon zanen gado.

Lubabatu ta zage ta yi girki irin na tarbar uba. Ta daka sakwara, ta yi miyar gyaɗa da wagashi, cukun nan na Fulani da tsohon yake so tun tana yarinya. Zakari kuwa ya ɗauki maganar likita da gaske. Ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a ɗakin, ya zauna daf da kwano, ya buɗe murfi da kansa.

"Bismilla, Baba. Ku ci. Lokotoro ya ce sai kun ci."

Tsohon ya wanke hannu, ya gutsuri loma ɗaya ƙarama, ya juya ta a miya, ya daɗe yana juyawa. Ya kai baki, ya ce alhamdu lillahi, ya sake wanke hannu.

"Haba Baba, ai ba ku ci komai ba. Ko miyar ce? Ko haƙori ne? A kawo koko?"

"Na ƙoshi, Allah ya yi albarka."

A kicin Lubabatu ta tare mijinta. "Baban Adnan, kai ma ka sani Baba ba zai ci abinci kana zaune a kansa ba. Ina aka taɓa yi? Ka bar masa ɗakin."

Ya yarda, ya ce gaskiyarta. Daga ranar ya daina zama. Sai dai da an kai kwano, sai ya tuna ya bar tef ɗin awonsa a bayan gida, kuma hanyar bayan gida ta gaban ƙofar baƙi take. Ya wuce, ya ɗan waiga. Ya dawo, ya ɗan waiga. Ita ma Lubabatu daga kicin tana iya hango gadon ubanta ta gilashi biyu, kuma idonta can yake ko tana yanka kuɓewa. Kwanon ya riƙa fitowa kamar yadda ya shiga, sai ɗan gurbin yatsa a gefe. Tsohon yana rayuwa a kan goro da ruwan shayi. Maganin kuwa ba dama a ba shi yadda aka ce.

A falo ma labarin ɗaya ne. Zakari ya barbaɗa gari, jajaye suka taso suka share shi tas, ko ƙwaya ba ta kai ƙasa ba. Ya lura cewa bakin kurungu a ƙasa yake, ba a gaba ba, ya yi ta mamakin wannan hikima yini guda, sannan ya gane cewa mai irin wannan baki ba zai taso sama cin abinci ba. Sai ya shiga gwaje-gwaje. Ya jiƙa garin ya dunƙule don ya nutse, jajaye suka bi shi suka cafke a hanya. Ya yanko ɗan tiyon ruwa ya zura har bakin kasko, ya riƙa jefa abinci ta ciki. Ya jefa dunƙulen tuwo da dakakken jatan lande. Ya jefa gwaiduwar ƙwai. Ya tono tana a bakin kwata ya yayyanka. Kowane ya jefa sai ya durƙusa, ya manna hanci a gilashi, ya haska fitilar wayarsa cikin kaskon don ya ga ko an ci. Kurungu ya ƙara matsawa ciki, har wutsiyar ma ta ɓace.

Mu kuwa mutanenmu, idan baƙo bai ci ba, abu ɗaya muka sani, a ƙaro. Zakari ya ƙara, ya sake ƙarawa. Tuwo da ƙwai da tana suka taru a yashi suna ruɓewa. Ruwan da yake garai-garai ya koma kamar tsarin shinkafa, falo ya fara wani wari. Ranar Laraba da safe ya tarar da ɗaya daga cikin 'yan firit ɗin nan ta juya ciki sama. Ya tsame ta a tafin hannunsa ya tsaya yana kallo, ransa ya ɓaci ƙwarai, don ya san ba wanda ya kashe ta sai shi da karamcinsa.

A ranar ce kuma Malam Mahamadu ya kira 'yarsa ya ce a nema masa motar Asabar, zai koma Djougou. Ya ce ya gode, ya ga gida, ya ga arziki, amma ɗakunan can suna buƙatar mai buɗe su su sha iska. Lubabatu ta fito ta zauna a bakin murhu ta yi kuka mai isarta. Rigar da tsohon ya zo da ita ta fara yi masa yawa, idan ya tashi daga sallah sai ya dafa bango. Ta ce wa mijinta, "In ya koma gidan nan a haka, wayar da za a yi mini ta gaba ba ta rashin lafiya ba ce." Zakari mai tambaya a kan komai, a lokacin nan ko ɗaya ba ta zo masa ba.

Bai je shago ba. Ya ɗebo bokitai ya shiga rage ruwan akwatin, yana zuƙe ƙazantar yashi da tiyo, yana zuba sabo kaɗan-kaɗan. Yana cikin haka sai ya ji takun sanda. Tsohon ne ya fito, abin da bai saba ba, ya zauna a kujerar kallon kifi. Ya daɗe yana duban kaskon.

"Baƙon naka bai ci ba har yanzu?"

"Bai ci ba, Baba. Na rasa gane kansa. Ba abin da ban ba shi ba."

"Na gani. Ina hango ka daga ɗaki." Ya waiga ya dubi ƙofar furanni. "A gidan nan ai ana hango komai."

Zakari ya ci gaba da riƙe tiyo.

"Lokacin ina yaro," in ji Malam Mahamadu, "na tarar da ƙarshen fatake a gidanmu. Mutum ya taho daga Gwanja ko daga Kano, ƙafa duk faso, yunwa kamar ta kashe shi. Kakana bai taɓa cewa baƙo ci ba. Za a kai shi ɗakinsa, a ja ƙofa. In an gama abinci, a ajiye kwano a rufe a bakin ƙofa, a yi gyaran murya, a tafi. Tafiya ta gaske, ba a laɓe ba. Wanda aka kama yana leƙen ɗakin baƙo a lokacin cin abinci, ranar zai san kakana yana da dorina."

"To me ya sa, Baba?"

"Mai jin yunwa ba ya son a ga yunwarsa. Yana cin abin wani, a gidan wani. In ka tsaya kana ƙirga masa loma, ko da ido ne, ka tuna masa."

Tambaya ta taso wa Zakari, kuma bai iya danne ta ba. "To in ba a gani ba, ta yaya za a san ya ci? Ta yaya za a san abincin ya yi masa?"

Karo na farko tun zuwansa tsohon ya yi murmushi. "Kwano ake tambaya. In ya fito ba a taɓa ba, baƙo bai ji daɗin gidan ba, yana shirin tafiya. In ya fito an sharce shi ƙal, abincin bai isa ba, kunyar ta mai gida ce, gobe a ƙara. In kuwa an ci sosai aka bar ɗan kaɗan a gefe, an gyara shi da kyau, to baƙo ya ƙoshi, ya kuma saki jiki. Wannan zai daɗe." Ya juya sandarsa a ƙasa. "Uwarku Habiba a wannan tarbiyya ta zauna da ni. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa ganin loma ta shiga bakina ba, amma ba wanda ya kai ta sanin abin da nake so."

Ya nuna akwatin da haɓa. "Wannan ɗan ƙasan ruwa ne, cikin duhu da laka ya girma. Ka sa shi a fili, ka kunna masa fitila, ka kafa masa ido. Ina zanen da na ɗauro bokiti da shi? Na uwarku ne. Rufa masa wancan gefen. Ka ba shi kaɗan, in rana ta yi sanyi, bayan waɗannan masu haɗamar sun ƙoshi. Ka tafi abinka."

"Ba zan ga yadda yake ci ba ke nan?"

"Ba za ka gani ba."

Wannan ta yi wa Zakari nauyi. Tun ranar da ya ga bakin nan na ƙasa yake mafarkin ganin yadda ake cin abinci da shi. Amma ya ɗauko zanen Inna Habiba ya lulluɓe rabin akwatin, ya kashe fitilar sama. Bayan la'asar ya ba jajaye nasu, sannan ya jefa guntun tana ɗaya tak ta cikin tiyo, ya zare tiyon, ya fita tsakar gida yana riƙe da hannayensa a baya kamar wanda ake tsoron zai yi sata.

Yana tsaye a nan ne idonsa ya sauka a kan ƙofar furanni. Ta cikin leshin ga gado, ga buta, ga carbi a kan matashi, ga tsohon zaune ya juya wa ƙofa baya, ya takure a lungun da ya fi nisa da haske, ga kwanon rana a gabansa a rufe. Zakari ya sa gilashi a gidaje ba iyaka, kullum daga waje yake tsayawa ya duba ko ya yi kyau. Bai taɓa tambayar yadda na ciki yake ji ba. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

Washegari da sassafe ya hau babur ya nufi Titirou wurin Iliassou kafinta, abokinsa tun na ƙuruciya. Ya ce ƙofar katako yake so, yau-yau, marar ko huda ɗaya.

Iliassou ya ajiye zarto. "Kai? Katako? Zakari, lafiyarka kuwa? Ko a sa maka ɗan gilashi a sama, ƙarami haka, don haske?"

"Ko na allura ban so."

"To wallahi yau sai na yi sadaka. Vitiriye, mai gilashi guda, ya zo sayen duhu!"

Zakari ya jira har tsohon ya tafi masallacin unguwa sallar azahar, sannan suka kwance ƙofar furanni. Zakari da kansa ya ɗauke ta, ya jingine ta a bayan gida, fuskarta na kallon bango. Aka kafa ta katako, mai nauyi, mummuna, ko fenti babu. Tagar kuma ya sauke mata asabari mai kauri. Da Malam Mahamadu ya dawo ya tsaya gaban ƙofar, ya shafa ta da tafin hannu, ya shiga, ya ja ta. Bai dai ce a fasa neman mota ba.

Ranar nan Zakari ya ɗan ɗaga gefen zane da safe, bayan ya tabbata lokacin cin abinci ya wuce. Tanar ba ta nan. Sai dai wa ya ci? Kurungu ne, ko wani ja ne ya zagaya? Abin ya dame shi har ya kai ƙara wurin tsohon, shi kuwa ya ce masa ya bar bakin kifin, ya duba cikinsa. Kwanon rana na ranar Alhamis ya fito an ɗan taɓa, ba a ce an ci ba, ba a ce ba a ci ba. Lubabatu ta juya shi ta sake juyawa, ta kasa karanta komai.

Ranar Juma'a ta yi tuwon masara da miyar kuka, abincin gida, ba na tarbar baƙo ba. Bayan an sauko daga masallaci ta ajiye kwano a rufe a bakin ƙofar katako, ta yi gyaran murya. Zakari ya kama hannunta, suka fita gidan gaba ɗaya, suka zauna a dakalin ƙofar waje kamar waɗanda aka kora. Masu wucewa suna gaishe su suna mamaki. Zakari ya tashi, ya zauna. Ya tuna da tef ɗin awonsa.

"Yana aljihunka," in ji Lubabatu, ba ta ko dube shi ba.

Sai da aka kira la'asar suka koma ciki. A falo ya ga abin da ya tsayar da shi. Kurungu ya fito daga ƙarƙashin zane da kansa, yana bin gefen gilashi a hankali, gashin bakinsa yana share yashi, cikinsa ya yi tulu kamar na ɗan akuyar da ya shiga rumbu. Ya yi zagaye ɗaya ya koma duhunsa. Amma Zakari bai tsaya murna ba, don ta tagar falo ya hango kwanon a bakin ƙofar katako, an turo shi waje, murfinsa a kai.

Suka tsaya a kansa su biyu. Mutumin da ya kwance rediyo da wuƙar albasa, wanda bai taɓa ganin murfi ya ƙyale ba, sai ga shi yana tsoron wannan. Lubabatu ta ce ita ba za ta iya ba. Ya durƙusa, ya yi bismilla, ya ɗaga.

An ci tuwon sosai, daga gefe ɗaya, an bi shi a tsanake. A ɗaya gefen an bar ɗan kaɗan, bai fi loma biyu ba, an shafe shi sumul da yatsa. Lubabatu ta toshe bakinta da gefen mayafi, hawaye suna zuba.

Daga bayan katakon aka yi gyaran murya.

"Lubabatu."

"Na'am, Baba."

"Miyar nan daddawa ta yi mata kaɗan. Uwarki ba haka take yi ba. Gobe ki ƙara."

Gobe ita ce Asabar. Tambayoyi suka cika bakin Zakari, ta mota, ta magani, ta ko ƙofar ce, ta ko tuwon ne. Ya buɗe baki, ya dubi katakon nan da ba a ganin komai ta cikinsa, ya haɗiye su duka. Ya mayar da murfin a hankali, ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya kai kicin da kansa.